A Duba Batir Kafin A Duba Kyamara

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa na Samaru da Sabon Gari masu shirin sauya waya.

Da ka shiga shago sai a yi ta yi maka kirarin kyamara da 5G. To, MTN ta fara 5G ne a 2022, a manyan birane irin su Legas da Kano. Mai sarin tumatir da ke kiran manomi a Shika ko Giwa, me zai yi da ita? Abin da yake bukata shi ne waya mai layi biyu, in sabis ɗin wannan ya ɗauke ya koma wancan, da batir mai kwana ba caji, tunda kowa ya san halin wutarmu.

Sannan a yi hattara da wayar biya kaɗan-kaɗan. Ni kaina na karɓa bara. Ranar da na makara da biya suka kulle ta, ranar kasuwa kuwa, kuɗin mutane uku suka shigo ban iya dubawa ba. Wallahi har yanzu ɗayansu bai dawo rumfata ba.

Mai karatunku,
Kasuwar Sabon Gari, Zariya.