Kafin ka ce an yi maka kutse, duba madannan kwamfutar

Makon jiya a wani siber da ke Maradi na ga wani matashi ya kusa dukan mai shago. Yana son aika takardun neman gurbin karatu, ranar ƙarshe ce, kuma imel ɗinsa ya ƙi buɗewa. Sau biyar yana rubuta lambar sirri, sau biyar ana ce masa ba daidai ba. Sai ya yanke hukunci: an sace masa akwati. Ashe ba wanda ya taɓa komai. Wani ne da ya riga shi zama ya juya harshen kwamfutar zuwa Inglishi.

Wannan matsala tamu ce ta musamman a Nijar. Madannan da muka saba da su tsarin Faransa ne, AZERTY, alhali a Kano, Legas ko Akara QWERTY ake amfani da shi. Idan aka sauya harshe, ka danna A ta fito Q, ka danna Z ta fito W, M ma ta bar mazauninta. Lambobin layin sama kuma a tsarin Faransa sai ka riƙe Shift: ka danna 1 haka kawai, alamar & za ta fito. Tunda ɗigo-ɗigo kake gani a gurbin lambar sirri, ba ka san abin da ka rubuta ba. Maganin bai kai minti guda ba: rubuta lambar a gurbin suna ka gani da idonka, ka goge, in akwai kuskure ka danna Alt da Shift tare a Windows. Ka duba Caps Lock ma. Kuma kada ka yi ta gwadawa da zafin rai, don wasu tsare-tsaren suna kulle akwati na ɗan lokaci idan kuskure ya yi yawa.

Amma ni a ganina babbar cutar ba a madannai take ba. Da yawa daga cikinmu ba mu ne muka buɗe akwatinmu ba. Yaron siber ne, ko mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya zaɓa mana lambar sirri, wani lokaci ma ya sa lambar wayarsa a matsayin ta ceto. Ranar da ka manta, saƙon tabbatarwa wurinsa zai je. In ya bar garin, shi ke nan. Masu wannan sana'a su ji: karɓar kuɗin mutum ka buɗe masa Gmail ko Facebook ba tare da ka rubuta masa bayanansa a takarda ba, rabin aiki ne, kuma cin amana ne ko da ba ka yi niyya ba.

Ƴan uwanmu da ke ci-rani su suka fi shan wahalar. Mutum ya bar Tawa ko Damagaram da layinsa na +227, ya isa Abijan ko Aljeriya ya sayi sabon layi, tsohon ya mutu a aljihu. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya sayar wa wani. Wata rana waya ta ɓace, WhatsApp ya aika lambobi 6 zuwa layin da yanzu yake hannun baƙo. Hotunan iyali, lambobin abokan ciniki, rukunin ƴan gari, duka suna bayan ƙofar da ba ka da makullinta.

Saboda haka mai shirin tafiya ya sauya lambar ceto tun tsohon layin na aiki. WhatsApp yana da wurin sauya lamba a cikin saitinsa. Google kuma yana ba wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu lambobin ajiya guda 10, kowace sau ɗaya take aiki. A buga su a takarda a ajiye tare da fasfo.

Matashin nan ya samu ya aika takardunsa kafin Magariba. Da na tambaye shi lambar wa ke kan imel ɗin, ya yi shiru, sannan ya ce ta wani abokinsa ce da ke Libiya yanzu.