Mutuwar Aerith Ba Ta Kai Ta Virmire Ba

Jama'a, ina da ja da samarinmu na Sabo a nan Ibadan, masu cewa babu mutuwar da ta kai ta Aerith ciwo a Final Fantasy VII ta 1997. Haba! Sephiroth ne ya soke ta, kai ɗan kallo ne kawai, ba hannunka a ciki.

Ku duba Mass Effect ta 2007. A duniyar Virmire wasan zai ritsa ka: Ashley ko Kaidan, ɗaya kaɗai za ka ceto. Ni Kaidan na bari. Kwana biyu ina shagon Baba ina ba da canji, hankalina na wurinsa, don da yatsana na yanke hukuncin.

Masu sake loda wasan don su gwada ɗaya hanyar kuwa, kada ma su zo mana da maganar jimami.