Mita 7.12, Da Ramin Yashin Da Babu A Makarantunmu

Ranar 2 ga Agusta, 1996, a birnin Atlanta na Amurka, wata 'yar sanda mai suna Chioma Ajunwa ta sheƙo a guje, ta taka katako, ta dira cikin yashi mita 7.12 daga inda ta tashi. Tsallenta na farko ke nan a zagayen ƙarshe, kuma har aka tashi babu wadda ta kamo ta. Ita ce ta fara ciyo wa Nijeriya lambar zinare a wasannin Olamfik. Kashegari 'yan ƙwallonmu suka doke Ajantina, sai sowar ƙwallo ta danne labarinta. Sai a 2021 gwamnatin Jihar Legas ta ba ta gida. A shekarar ne kuma Ese Brume ta shafe bajintar da mita 7.17.

Ɗalibai kan ɗauka dogon tsalle aikin masu dogayen ƙafafu ne. A'a, gudu ne ginshiƙinsa. Tsokar ɗan Adam tana da zaruruwa iri biyu: masu jinkiri da juriya, waɗanda ke kai manomi la'asar yana huɗa, da masu saurin tsukewa, waɗanda ke ba da ƙarfi farat ɗaya su gaji. Na biyun su ne jarin mai tsalle. Ƙafarsa ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa a kan katako. A wannan ƙiftawar ido agara takan miƙe kamar roba, ta adana ƙarfi, sannan ta sake shi. Littafin fizis ya ce jifa ya fi nisa a kan digiri 45, amma gwanaye suna tashi a wajen digiri 20 ne, domin wanda ya nemi sama da yawa sai ya zubar da gudunsa.

Gado yana da hannu a rabon zaruruwan nan, horo kuma yana ƙarfafa su. Amma fa gado ba ya rubuta kansa a goshi. Sai an auna. Na sha tsayawa a bakin magudanan ruwan Bakolori, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, ina kallon yara suna tsallake su da gudu, babu takalmi. Ban taɓa ganin wanda ya zo da awo ba.

A nan nake ganin laifinmu, mu malamai. Ƙwallo tana bukatar fili da mutum 22. Dogon tsalle kuwa rami yake so, da katako, da awon tela, da yashin da Gulbin Sakkwato ke tara mana kyauta. Malamin kimiyya ya haɗa kai da malamin wasanni, su auna kowane ɗalibi, mace da namiji, sau ɗaya a zango, su rubuta a littafi guda. Alƙaluman za su isa darasin lissafi da na halittu, kuma a cikinsu ne za a ga yarinyar da ta zarce mita 5 ba tare da an koya mata ba.