Tsofaffinmu a Hannun Ma'aikatan Jinya: Ina Gizo Ke Saƙar?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe rumfarsa a Ƙonni, Ɗan Isa ko Magarya don ya kai mahaifinsa asibiti ya san cewa ba likita ne ke fara karɓar maras lafiya ba. Ma'aikacin jinya ne ke auna jini, shi ke yin allura, shi ke kwana a ɗakin majinyata. Saboda haka irin kallon da yake yi wa tsoho yana da nasa tasiri a kan warkewarsa.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kan wariyar da ake nuna wa mutane saboda shekarunsu, inda ta ce mutum 1 cikin 2 a duniya yana da wani ra'ayi na raina tsofaffi, kuma abin ya shiga har cikin asibitoci. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa ɗaliban jinya sun fi sha'awar sashen yara, haihuwa ko tiyata, kula da tsofaffi kuwa yakan zo a ƙarshen zaɓinsu.

Mu a nan muna iya cewa wannan matsalar Turawa ce, tunda tarbiyyarmu ta hore mu da girmama na gaba. To amma gaisuwa da rusunawa daban, kulawa daban. Sau nawa tsohuwa take kukan jiri ko ciwon kai a ce mata "Inna, ai tsufa ne"? Alhali wataƙila hawan jini ne, wanda in an bar shi yana iya kai wa ga shanyewar ɓarin jiki. Tsohon da ya daɗe kwance ba a juya shi a kai a kai, gyambon kwanciya zai fito masa. Ƙodar tsoho kuma ba ta tace magani da sauri kamar ta saurayi, don haka adadin da ya dace da ɗan shekara 30 yana iya cutar da ɗan shekara 75.

Ba za mu ɗora laifin duka a kan ma'aikatan ba. Rahoton hukumar ta lafiya na 2020 ya ce duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, kuma ƙasashe matalauta ne suka fi jin jiki. A 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya a Najeriya ta ce ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. Wanda layin mutane ke jiransa, da wuya ya yi haƙurin sauraron tsohon da kunnensa ya yi nauyi, mai cuta biyu ko uku a lokaci guda. Ga kuma batun horo: sai a 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a Najeriya, a asibitin koyarwa na Ibadan. Ɗalibin da bai ga ana darajanta wannan fanni ba, yaya zai so shi?

Tsarin gwamnatoci ma yana koya wa ma'aikaci wanda ya fi muhimmanci. A 2006 Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, mataki mai kyau, sai dai tsofaffi ba su shiga ciki ba. A wannan shekarar ce Senegal ta ƙaddamar da shirin kula da ƴan shekara 60 zuwa sama kyauta. Ita ma Gana ta yafe wa ƴan shekara 70 zuwa sama kuɗin inshorar lafiya. Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin tsofaffi a 2016, amma takarda ba ta juya majinyaci a kan gado.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne aljihu. Ɗan kasuwa ba ya da fansho. Tsohon da aka yi wa tsawa sau ɗaya yakan rantse ba zai koma asibiti ba, sai ya koma ga mai tallar magani a tire. Idan ciwo ya ci ƙarfinsa, sai a canja sefa zuwa naira, a ɗauki shatar mota zuwa Katsina, Sakkwato ko Kano, jarin shekara ya tafi a mako guda.

Rahoton na 2021 ya ambaci hanyoyi 3 da ke rage wannan hali: doka, ilimi, da cuɗanya tsakanin matasa da tsofaffi. Ke nan ya kamata makarantun kiwon lafiya na Yamai da Damagaram su sa kowane ɗalibi ya yi aiki da tsofaffi kafin ya karɓi takardarsa, ya kuma koyi yi musu bayani da harshen da suke ji, ba Faransanci ba.

Mu ma da namu aikin. Mu raka tsofaffinmu da kanmu, mu tafi da kwalayen duk magungunan da suke sha, mu nemi a auna jini da suga, mu yi tambaya cikin ladabi idan an ce tsufa ne. Ƙungiyoyinmu na kasuwa su buɗe asusun jinya. Ɗalibin da ake horarwa yau, shi zai riƙe hannunmu gobe in Allah ya ja kwana.