Bizar 'yan fansho: a yi lissafi kafin a sayar da gida

Ranar Asabar da ta wuce na haɗu da wani malamina a Kwangila yana jiran motar Kano, riƙe da takardun banki da na asibiti. Ya ce shirin neman bizar 'yan fansho yake yi, domin ya ƙarasa kwanakinsa a inda ba a ɗauke wuta, kuma likita na kusa. Har ya sa gidansa a kasuwa. Ban ga laifinsa ba, amma hankalina bai kwanta ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, sai sunan wurin da muke tsaye ya ja hankalina. Kalmar kwangila aro ce daga Turanci, ma'anarta yarjejeniya mai sharuɗɗa da wa'adi. To, irin wannan biza ma haka take. Dubai ta fito da tata a 2020, ta shekara 5, ga mai shekara 55 zuwa sama, bisa sharaɗin mallakar gida ko ajiya ko kuɗin shiga na wata-wata. Tailan na karɓar mai shekara 50, amma sai ya nuna baht 800,000 a banki, ya sabunta izni kowace shekara, ya kuma riƙa kai rahoton kansa duk kwana 90. Babu ɗaya daga cikinsu da ke mayar da mutum ɗan ƙasa.

Matsalar a nan take, ya mai karatu. Da kuɗin waje ake auna sharuɗɗan, alhali da naira ake biyan fanshonmu. A farkon 2023 dala ba ta kai N500 ba a farashin gwamnati. A 2024 ta haura N1,500. Wanda ya cika sharaɗi bana yana iya gazawa baɗi, ba tare da ya taɓa ko kwabo ba. Inshorar lafiya kuwa, tana ƙara tsada ne yayin da shekaru ke ƙaruwa. Idan aka ƙi sabunta masa izni yana ɗan shekara 78, wane gida zai dawo?

Za a ce ƙaura ba baƙuwarmu ba ce. Gaskiya ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, suka kafa gari. Sai dai su da jama'arsu suka tafi. Tsohon da ya tafi shi kaɗai da fasfo, wa zai duba shi ran da ciwo ya kwantar da shi?

Shawarata ga mai niyya ita ce kada ya sayar da gidansa, ya fara gwada zaman wata uku, ya kuma yi lissafi kamar naira za ta sake faɗuwa. Su kuma hukumomi, su sani cewa asibiti mai inganci da fansho kan kari ne za su tsayar da dattawanmu a gida. Allah Ya sa mu gama lafiya.