Kuɗin kaka da haƙƙin 'ya'ya

Malam Edita,

Da an sayar da masara da rake a Danja, sai hankalin wasu magidanta ya koma kan sabon aure, alhali 'ya'yan matar da suka saka suna gidan kakanni, ƙaramarsu na tallar ƙosai ba takalmi. A fiƙihun Malikiyya, ko uwa ce ke reno, ci da sutura na wuyan uba. Za a ce talauci ne, ko ita ta nemi saki. To, wanda ya haɗa lefe bai rasa tiya biyar ta masara ba, kuma laifin uwa, in ma akwai, ba ya sauke haƙƙin ɗa. Waliyyai su riƙa tambayar mai neman aure wa ke ciyar da 'ya'yansa kafin su karɓi sadaki.

Mai karatunku,
Danja, Jihar Katsina