Injin Huda Yana Kuka Kafin Ya Mutu



Ran Talatar da ta gabata ina tsaye gaban wani shago kusa da kasuwar Talata Mafara, wani matashi yana huda bango zai ɗaura kayan sola. Injin hudar ya yi gurnani ya tsaya. Yaron ya juya shi, ya buga masa tafin hannu sau biyu a ƙeya, sai ya tashi. Ta ramukan shan iska ina hango tartsatsi, ga ƙauri kamar ana ƙona roba. Na ce, "Samari, dakata haka nan." Ya ce, "Baba, halinsa ke nan, in an buge shi sai ya ci gaba."

Wannan bugun shi ya sa na zo da sharhin yau, domin na sha ganinsa wurin kafintoci, masu walda da masu ɗaura dish, daga Mafara har Bakura da Maradun.

A cikin injin akwai wasu 'yan gawayi guda biyu da masu gyara ke kira kabon. Sifirin ne ke danna su jikin amacha, wato ɓangaren injin da ke juyawa, su ke kai mata wuta tana juyawa. Kullum gogewa suke yi. Idan suka gajarce, sai su riƙa taɓawa suna saki, shi ya sa bugu ke tada injin na ɗan lokaci. Amma kowane tartsatsi cin tagullar amacha yake yi. Kabon abu ne mai araha, kuma canza shi bai kai a sha shayi a tashi ba. Wasu kamfanoni irin su Makita har layi suke sa masa, ya nuna inda ya ƙare. A canza duka biyun tare, kada a canza ɗaya. Wanda ya ƙi, sai amacha ta ƙone, ya koma neman mai riwaya, ko ya hau mota zuwa Gusau ko Sakkwato neman sabuwa, aiki yana kwance. Wannan asarar tana ba ni takaici, don da gani ake yin ta.

In kuwa injin ya ƙi motsi sam, a zare shi daga wuta tukuna, sannan a duba waya daidai inda ta shiga mariƙi. Nan take yawan karyewa daga ciki, saboda ɗaukar injin da ake yi ta wutsiya. Bayan ita sai makunni, wanda ƙura ke toshewa.

Ƙura kuwa ai tamu ce. Ga ta hunturu, ga garin bulo da siminti da injin ke shaƙa da kansa. Idan ramukan iska suka toshe, zafi ba shi da mafita. A riƙa hure su bayan kowane aiki, kuma kada hannu ya rufe su ana huda.

Sai maganar wuta. A jikin injin an rubuta bolt 220 zuwa 240, wasu kuma suna cin wat 700 ko fiye. Ƙaramin janaretan nan na gida da kyar yake ba da wat 650. A haɗa da doguwar waya siririya, sai injin ya riƙa nishi, fankar cikinsa ta rage gudu, mai aiki kuma ya ƙara danna shi. Nan ake gasa shi.

Wani kuma zai ce injin yana juyawa amma ba ya cin bango. A duba ko an mayar da shi juyin baya. A duba ko maɓallin yana kan hoton guduma, don wasu faifai biyu masu haƙora ne ke sassarfa a kan juna su ba da duka, kuma su ma suna son giris. A duba bakin hudar: na bango yana da ɗan ƙarfe mai tauri a tsininsa, daban yake da na katako da na ƙarfe. In ana cikin huda kankare ya cije, to wataƙila rodi aka tarar, sai a matsa gefe. Ginshiƙin kankare ma ba aikin wannan injin ba ne. Na babban nan ne mai baki irin SDS, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975.

Iyayen gida masu shaguna, ku zaunar da yaranku ku buɗe injin a gabansu ko sau ɗaya ne, su ga kabon da idonsu. Ku nuna musu cewa sukurun da ke cikin bakin da ke riƙe abin huda, a yawancin injuna masu juyin baya, ta hannun dama ake kwance shi, don da yawa sun lalata shi suna murɗawa hagu.

Matashin nan na kasuwa ya ji shawara. Muka buɗe, muka tarar kabon ɗaya bai kai ƙwayar wake ba, ɗayan har sifirin ya fara gogar tagulla. Ya aiki ƙanensa cikin kasuwa ya sayo sabon kabon, kafin la'asar ya ƙarasa ramukansa shida.

Sai mun sake saduwa, a huta lafiya.